Masu Farautar Ma'anar Turanci

A kasuwar Gashuwa yaro ɗaya kan yi ciniki da Badanci, ya yi rantsuwa da Hausa, ya gai da mai nono da Fulatanci, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da ƙamus. A bakin mutane ya tsinci ma'ana, daga abin da aka faɗa kafin kalma da abin da ya biyo bayanta. Amma da an ce Turanci sai wannan basira ta gudu.

Babban misali shi ne Malam Ƙamus, mai bin kalma ɗai-ɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In ya karanta cewa tsoho ya shuri bokiti, zai duba shuri, ya duba bokiti, ya rufe littafi cikin natsuwa, ya yanke hukuncin cewa tsohon mafaɗaci ne. Nuna masa cewa layi na gaba zancen jana'iza da rabon gado ake yi, sai ya ce ai wannan wani labari ne daban. Alhali shi ɗin nan, in aka ce wane ya riga mu gidan gaskiya, ba ya tambayar a wace unguwa gidan yake. Ƙanensa mai waya kuwa, cajinsa na ƙarewa Turancinsa ya ƙare. Mu masu gyaɗa kai a bayan aji ba ma cutar kowa, sai ranar jarrabawa asirinmu ke tonuwa.

Za a ce ƙamus ne gatan ɗalibi, tunda yaron Nguru ba ya jin Turanci a gida ko a tasha. Haka ne, kuma ba a ce a jefar da shi ba. Sai dai ita kanta WAEC ma'anar kalma take tambaya yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin, kuma ba kiredit a Turanci, ba shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013.

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne Sarkin Gyara. Yaro ya yi ƙarfin hali ya cinci ma'ana daga zance, ya ɗan kauce, sai Sarkin Gyara ya ƙyalƙyale da dariya a gaban jama'a, yana maimaita kuskuren har da kwaikwayon murya. Ka tambaye shi daidai ɗin, sai ya duba agogo. Yaron kuwa ba zai ƙara buɗe baki a aji ba har ƙarshen zango.