Kaza Ce Ta Hana Ka Hilux

Zuwa ga taubashina, Direba Iliya, a tashar Dirku da ke Agadas.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da Kawu, da Inna, da yaran motarka da ba ka biya sai sun yi yaji. Ni ma nan Denba, a Amurka, lafiya lau, sai sanyi.

Saƙonka na murya ya iso. Ka ce tunda Allah ya kawo ni ƙasar motoci, in daina rowa in auno maka Hilux ɗaya ta jirgin ruwa. To, gyara zama. Ba a sayar da Hilux a Amurka. Tun 1995 Toyota ta maye gurbin irinta da wata mai suna Tacoma, wadda ake haɗawa a wannan nahiya. In kana neman wanda za ka yi wa Allah ya isa, ka fara da kaza. Da can Faransa da Jamus ta Yamma sun tsawwala haraji a kan kajin Amurka, sai Shugaba Johnson ya rama: daga 1964 duk a-kori-kurar da aka ƙera a waje ta shigo nan, sai an biya mata harajin kashi 25 cikin ɗari. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, harajin yana nan daram. Akwai kuma dokokin hayaƙi da na kariyar fasinja, amma ni dai kazar nake tuhuma.

Abin da suke hawa a nan kuwa, in ka gani sai ka cire rawani. Ford F-150 ce sarauniya. Tun 1977 danginta ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a ƙasar nan. Tsawonta ya kusa mita shida, faɗinta mita biyu ban da madubai, tankin ta maƙwabcina yana shan lita 136. In an ajiye Hilux ɗinka a gefenta, za a tambaye ka yaushe aka yi suna.

Maƙwabcin nan nawa likitan haƙori ne, mutumin kirki. Ranar da ya ji cewa daga bakin Sahara na fito, har da rungume ni. Wai ya daɗe yana neman ƙwararre. Ni da ka sani, in muka tashi Arlit tun kafin a fita gari nake barci! Ya ce akwai abin da yake yi in ya samu hutu: ya bar gidansa mai ruwan zafi da katifa, ya nemi hanyar da ta fi kowace lalacewa, ya shiga, ya kwana a daji. Na ce wa ke biyanka? Ya ce shi ke biya. Iliya, abin da kake yi kana tsine wa gwamnati, a nan sai mai hali.

Na ce a tafi da ni in gani.

Bari in ba ka labarin lodi, don nan ne na fara jin kunya a madadinsa. Tanti a saman mota, mai tsani, wanda ake buɗewa. Firji mai aiki da hasken rana. Injin jan mota da igiyarsa a hanci. Wasu faffaɗan allunan roba masu ƙaya da ake cusawa ƙarƙashin taya in an kafe. Shebur, jak, jarkoki, murhun gas, jakar wanka mai famfo, har da ɗan injin niƙa kofi. Fasinja kuwa: ni da shi. Na tsaya ina kallon bayan motar nan, ina lissafi da idonka. Mutum 25 kake ɗorawa a Hilux, kowa da jarkarsa da sandar da zai riƙe, ƙafafu na reto. Wannan da ka samu, da unguwa guda ta tashi, har da akuyoyi.

Amma fa kada ka raina shi, ya san abin da yake yi. A jikin ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi nauyin da motar za ta iya ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Tasa ba ta kai tan ɗaya ba, duk girman nan. Kafin mu fita sai da ya hau sikelin manyan motoci, ya kuma tambaye ni kilona nawa. Ya ce lodi in ya wuce kima, birki ke fara gajiya a gangare, taya ta yi zafi, tantin sama kuma yana sa mota ta riƙa rinjaya a karkace. Na ce akwai wani ɗan'uwana da sikelinsa shi ne: in gindin mota bai taɓa ƙasa ba, da sauran wuri.

Muka nufi Mowab a jihar Yuta, tafiyar yini. Can ne alƙiblar masu wannan lalura. Hanyar da ya zaɓa ana kiranta White Rim, cikin gandun Canyonlands, zagaye ne na kilomita 160 tsakanin kogin Kolorado da kogin Green. Babu gidan mai, babu rijiya, waya ba ta kamawa. In motarka ta mutu, kuɗin janwe ya wuce dala 1,000. Kuma sai da takardar izini ake shiga, ta kwana ma watanni kafin lokaci ake nema, ana rububi.

Da muka sauka daga kwalta ya tsaya, ya fito da wasu na'urori huɗu na tagulla, ya ɗaura a bakin tayoyi, ya shiga yi mini darasi: in an rage iska, taya tana baje, ta kama ƙasa sosai, gargada kuma ta yi sauƙi. Na yi ta gyaɗa kai. Ban gaya masa cewa kai da tsinken ashana kake yin wannan ba, ka danna da babban yatsa ka ce ya isa. Ya sayi na'urorin da tsada, ban so in ɓata masa rai.

Sai gangaren Shafer. Iliya, a nan na daina dariya. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin jan dutse, tana saukowa wajen mita 450, kwana bisa kwana, ba shinge. Ni ne a gefen rami. A nan girman motar ya zama abin tuhuma. Hancinta dogo ne, ba ka ganin inda tayar gaba take takawa. In aka haɗu da wata motar, mai hawa ke da hanya, mai sauka ya nemi inda zai raɓe, mu kuwa ba ma raɓuwa. Can gaba, a hayin Murphy da na Hardscrabble, ƙananan Jeep suna wucewa abinsu, mu saboda nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya sai ciki ya nemi gogar dutse. Ya ce in sauka in riƙa nuna masa da hannu. Na sauka da murna. Na yi karatu har na ƙetare teku, ga shi na zama yaron mota, kuma kyauta.

Inda ta rama kuwa shi ne a doguwar tafiya. Tanki ɗaya ya ishe mu shiga da fita, kujera ba ta karya ƙugu, ruwa kuma muna da shi har na alwala ba tsumulmula.

Ka san wa ya fasa hanyar? Masu neman yuraniyam, a shekarun 1950, da goyon bayan hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar. Ba su samu abin kirki a wurin ba, suka watse, hanya ta zama ta 'yan yawon buɗe ido. Na ce masa mu ma muna da hanyar yuraniyam, daga Tawa zuwa Arlit, kuma mu an samu, an kwasa shekara da shekaru. Ya ce to lallai taku hanyar ta fi wannan kyau. Na ce ya ƙara mini ruwa.

Dokoki kuma sai ka ce a barikin soja. Gudu kada ya wuce kilomita 24 a awa. Ba a hura wutar itace. Ba a kauce wa sawun hanya ko taku ɗaya, don akwai wani baƙin ɓawo a kan ƙasa, wai rayayye ne, shi ke riƙe ƙasar kada iska ta kwashe, in ka taka sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba. Na tuna da ku direbobin Tenere, da aka bar muku bishiya ɗaya tak a duk faɗin hamada, a 1973 ɗayanku ya nemo ta ya buge, yanzu gawarta na gidan tarihi a Yamai. Na san za ka ce ba ɗan Agadas ba ne. Direba dai direba ne. A wasu wuraren kwana na kewayen Mowab ma, inda babu masai, bayan gida a jaka ake yi, a ɗaure, a dawo da shi gari. Wannan kada ka karanta wa Kawu.

Da dare ya zuba ruwan zafi a wata leda, ya ce tuwon dare ke nan. Ni na fito da 'yar butata na dafa mana shayi a murhun gas, zagaye uku yadda aka saba. Tun a na biyu ya fara tambayar nawa ake kashewa a je Dirku. Na ba shi labarin yadda sojojin Chadi suka kori tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a 1987 da motocin Toyota, ya ce ya sani, har littafi gare shi a kai. Wai burinsa a duniya ya ƙetare Tenere a bayan mota.

Saboda haka ga shawara, kuma kasona rabi. In hanya ta yi lafiya zan turo maka shi da abokansa. Kada ka gyara komai. Kada ka wanke mota. Ka ɗora su a baya, ka ba kowa sandarsa, ka kafe a yashi sau biyu ko da gangan ne, ka miƙa musu shebur su haƙa da kansu. Kuɗin mota ka faɗa da dala, kuma in ka faɗa kada ka yi dariya.

Ka gaida Kawu da Inna, ka leƙa Gwaggonka ka ce mata ina cin abinci. Maganar kuɗin shara mu bar ta sai mun haɗu.

Naka, wanda ya fi ƙarfinka,
Sani