Abin da 'Ya'yanmu Ke Gani a Bakin Ƙofa

Mu dai a unguwar nan, Allah ya sani, ba mu da rowa. Da wuya almajiri ya zaga layinmu ya koma da robarsa wayam. Da azumi, tun la'asar za ka ga yara suna ta kaiwa da komowa da kwanukan kunu da ƙosai, wannan gida ya aika wa wancan, wancan ya rama. Ranar layya kuwa, har gidan da ba a yi yanka ba sai an ɗora tukunya. Halinmu ne, gadonsa muka yi.

Sai dai akwai maganar da ake ta juyawa a kwanakin nan, daga teburin mai shayi har tsakar gidan suna: anya 'ya'yanmu sun gaji tausayin, ko miƙa kwano kawai suka koya?

Inna mai ƙosai ce ta fi kowa nanata ta, don ita a bakin titi take, komai ta gabanta yake wucewa. "Ku dubi abin da muke zuba musu," in ji ta. "Shinkafar shekaranjiya, a kwara mata miyar kukar jiya, a ɗora ƙanzo, wani zubin har ta fara tsami. Sai uwa ta ce wa ɗanta, 'Maimakon a zubar, kai wa almajiri.' To me yaron ya koya? Ya koyi cewa da almajiri da bola aikinsu ɗaya."

Hajiyar gidan bene ta ce, "Haba Inna, ai ragowar ma yanzu ba kowa ke da ita ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mudun shinkafa ya gagari gidaje da yawa."

"Gaskiyarki Hajiya, ni ma da tsadar nake sayen wake da mai. Ban ce a ƙara ba. Ludayi ɗaya daga tukunyar da za ku ci, da zafinsa, a sa yaro ya kai da hannun dama, ya gaishe shi, ya tambayi sunansa. Nawa ne kuɗin tambayar suna?"

Nan fa ta taɓo inda yake mana ciwo. Yaro zai shekara yana yi mana ɗiban ruwa da cefane, amma sunansa a gidan "almajiri", ko "kai". A 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, gidaje nawa ne a cikinmu suka iya faɗin garin da yaronsu ya nufa? Mun yi kewar mai kawo ruwa, 'ya'yanmu kuma suna kallo.

Haka 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye. Sa'ar 'yar gida ce, amma ita ke riƙe mata jaka da kwandon abinci har ƙofar makaranta, sannan ta juyo ga wanke-wanke. Ranar sallah 'yar gida ta sha leshi, ita a ba ta kwance. Babu wa'azin da zai goge wannan daga zuciyar yaran biyu. Gidan da aka raba musu turmin atamfa ɗaya, aka sa su ajin Islamiyya ɗaya, a nan ake tashi da sanin cewa mutum mutum ne.

Malam Liman shi ya tuna mana yadda muka taso. "A makarantar allo," in ji shi, "ɗan attajiri da ɗan ɗandako tabarma ɗaya suke zama, tawada ɗaya, bulala ɗaya. Da dare a yi ciyayya a zaure, kowa ya fito da kwanon gidansu a haɗa, ba a tambayar wace miya ce ke da nama. Yanzu daga get sai mota, daga mota sai makarantar kuɗi. Talakan da yaro ya sani shi ne wanda ke miƙo hannu a danja, uban kuma ya ɗage gilashi." Ya ƙara da cewa yaranmu duk sun haddace Suratul Ma'un, suna karanta ta a sallah, amma kaɗan ne aka zaunar aka gaya musu cewa surar tana zargin mai hantarar maraya ne, da wanda ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini.

Kada a ce laifin na masu hali ne kaɗai. Mai shayi, da ya ji an karkata gefe guda, sai ya ajiye kofi ya ce, "Mu ma talakawa muna da namu. A gaban yara muke cewa duk mai mota ɓarawo ne. Yaro ya tashi da wannan, gobe ka ce ya ji tausayin wa? Kuma muna nuna masa shi na karɓa ne kullum. Alhali zai iya ɗaukar wa tsohuwa jarka, ya share masallaci, ya tsallakar da makaho titi. Tausayi ba a aljihu yake ba."

Alhamdu lillahi, wasu gidajen sun fara gyara. Zakkar fidda kai da a da maigida ke aunawa shi kaɗai, yanzu akwai inda kowane yaro ke auna sa'insa da hannunsa, ya kai wa mabuƙaci kafin a tafi idi. Akwai masu ɗaukar 'ya'yansu zuwa dubiya Asibitin Murtala, ko ziyara gidan marayu na Nasarawa, a bar waya a aljihu, ba hoto, ba tallata wanda aka taimaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗa na kowa ne, kuma yaran nan gari ɗaya za su gada: na cikin get da mai roba, wani ya zama likita, wani direba, wani mai unguwa. Idan ba su san juna yanzu ba, tsoron juna za su yi gobe. Shi ya sa mai unguwa ya yanke cewa aikin gayyar yashe kwata na bana, kafin damina ta sauka, ba a karɓar kuɗi a madadin mutum. Alhaji ya turo ɗansa, malamin tsangaya ya turo almajiransa, kowa ya riƙe shebur, in an gama a ci abinci a faranti ɗaya. Hajiya ta ɗauki nauyin shinkafa, Inna ta ce ƙosai nata ne.