Fijon Baba Za Ta Shiga Tsere

Mutanen Gulma ba su san darajar Fijo 504 ba. Abin da suka sani, mota ce ta ɗaukar mutum tara da akuya daga Argungu zuwa Sakkwato. Ni kuwa na yi bincike. A 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504. A shekarar dai Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya cinye Safari da wata mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Kuma tun 2003 ake tara tsofaffin motoci a Kenya a sake su cikin daji, Turawa masu furfura na ta gudu da motocin da suka girmi 'ya'yansu.

To, ni ma ina da 504. Ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a bayan gida ƙarƙashin dogon yaro, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kajin Inna sun mallake kujerar baya. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne bikin kamun kifi na Argungu a Maris 2020, lokacin da ya dawo bayan shekara goma ba a yi ba. Cikin shagulgulan har da tseren motoci daga Abuja zuwa Argungu, kuma aka ce motocin da aka harhaɗa a Najeriya ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, shi ne shugaban hukumar motoci a lokacin. Na ce to, ai magana ta ƙare. Tawa a Kaduna aka harhaɗa ta, tun kamfanonin da suka harhaɗa waɗancan motocin ba su sayi fili ba. Duk ranar da aka sake kiran tsere, ba za a yi babu Gulma ba.

Rumfar awaki na mayar gareji. Ba ni da ramin shiga ƙarƙashin mota, don haka muka ɗaga ta da jak muka ɗora gabanta kan turmin Inna. Har yau ba ta yafe ba.

Bakaniken da na ɗauko daga Argungu tsohon hannu ne, da Fijo ya koyi sana'a. Ya buɗe bonet ya yi shiru, irin shirun da ake yi a gidan gaisuwa. Sannan ya shafa injin ya ce min wannan bai kai lita biyu cif ba, silinda huɗu, kuma in dai akwai baƙin mai a cikinsa ba ya mutuwa, sai dai ya suma. Ya shiga ƙarƙashi ya nuna min sirrin motar: sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya a cikin wani bututun ƙarfe take a rufe, dutse ba ya taɓa ta, ga shokazoba mai dogon numfashi da ke haɗiye rami. Abin da ya sa ta ci Safari ke nan, in ji shi, kuma shi ya sa take ɗaukar mutum tara da akuya. Ban ji daɗin ƙarshen maganar ba.

Kafireto ya fara kwancewa, ɗan Solex, ya baje shi kan faifan uwargida. Ƙananan ƙusoshin tagulla masu huji ya riƙa ɗagawa sama yana leƙa rana ta ciki, ya hura da baki, ya tsotsi fetur da tiyo ya fesa. Tazarar kwantak kuwa da kwalin ashana ya auna ta. Na nuna masa bidiyon wani Bature yana yin aikin da ma'auni na musamman. Ya kalla har ƙarshe cikin ladabi, ya ce Allah sarki, ba su da ashana ne a can.

Fulogi, fambel da gasket daga Sakkwato aka kawo. Lagireto ne ya raba kan unguwa. Yana ɗiga, sai masu ba da shawara suka cika rumfa: wannan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wancan ya ce garin taba, wani ya rantse da sabulu. Kowa kuma, da na juya baya, ya gwada nasa. Ranar da injin ya tashi, ƙamshin da ya fito ya sa yara suka zo da kwano.

Daga nan na shiga aikin tsere na gaskiya, wanda ba na son a sa min baki. Doka ta farko, a rage nauyi. Na cire kujerar baya, da dardumar ƙasa, da kwalin ƙofofi, da rediyon da kaset ɗin Ɗan Anace ya maƙale a ciki tun Baba na da rai. Kafin la'asar kujerar ta shiga ɗakin Inna, an shimfiɗa mata zane, baƙi na zaune a kai.

Doka ta biyu, kejin ƙarfe a cikin mota, don in ta kife kada rufin ya danne direba. Na kai wa mai walda hoto. Mutumin kirki ne, shi ke yi wa rabin gari ƙofa da taga. Ya zo da janareto da ragowar bututun rijiyar burtsatse, ya ce in je in huta. Da na dawo na tarar da keji mai ƙarfin gaske, wanda ko giwa ta hau ba zai lanƙwasa ba. Ya fi duk abin da na cire nauyi. A tsakanin sanduna ya yi ado da furanni na ƙarfe, kyauta, saboda mutuncin Baba. Sannan sanda guda ta ratsa ƙofofin gaba biyu daga ciki, ya kama ta da walda har jikin ƙofa. Na ce ta ina za a shiga? Ya ce ai a hoton da na ba shi ba a nuna ana shiga ba.

Ta taga muka koma shiga. Na duba, a wasu tseren Amurka ma haka ake yi, don haka ban ɗauke shi matsala ba.

Saura mai karanta hanya. A tseren daji mutum biyu ne a mota: direba, da na gefensa mai littafi, wanda ke faɗa masa kwana na zuwa, dama ko hagu, mai tsanani ko mai sauƙi, nan rami, can gada. Na so in ɗauki wani ɗalibi. Sai Baffa ya ji labari. Ya zo da sandarsa ya tsaya bakin rumfa.

"Kai yaro, mi kaka yi ma motar Yaya?"

Na durƙusa na yi bayani. Ya ce shi da ya yi shekaru yana kamasho a tasha, wace hanya ce tsakanin nan da Birnin Kebbi za a karanta masa daga littafi? Shi zai zauna gaba. Ba a musu da ƙanin uba. Ɗaga shi aka yi aka zura ta taga, babbar riga da komai. Hular kwano ta ɗan acaba na ba shi, ya ɗora ta a saman hularsa.

Da sassafe muka fita gwaji a hanyar fadama, lokacin girbin shinkafa. Salansa na cire, don haka duk garin ya san mun fito. Na sa giya ta ɗaya, ta biyu, na taka totur, motar nan ta miƙe. Wallahi ta miƙe. Ƙura ta tashi a bayanmu, sitiyari na rawa a hannuna, allurar gudu ba ta motsi tun zamanin Shagari amma jikina ya gaya min muna tafiya. Na ce, "Baffa, kwana!" Ya ce, "Tsaya, tsaya, ga surukin liman."

Na tsaya. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ruwan bana. Surukin liman ya leƙa baya ya ga fili fetal babu kujera, ga sanduna na ɗaure kaya. Ya ce ma sha Allah, ashe fikof aka mayar da ita. Yana da 'yan buhuna a bakin gona. Kafin in buɗe baki Baffa ya ce a sa.

Daga nan duk wanda muka wuce dangi ne. Karatun hanyar Baffa bai wuce "rage," "yi salama," da "wagga gonar ta kakanka ce kafin a cuce mu" ba. Buhu ya bi buhu ta ƙofar baya, but ya cika ya ƙi rufuwa, wata tsohuwa ta hau kan buhunan da ƙwaryar nono a cinya ta riƙe furen ƙarfe. Bayan motar ya zauna daɓas kamar raƙumin da aka gurfanar. Wani yaro a keke ya wuce mu yana ɗaga min hannu.

A wani mashigi mai laka na tuna bidiyon Safari, yadda suke faɗa wa ruwa da gudu ya tsage biyu. Na ja da baya, na ba ta wuta. Mun kai tsakiya. Injin ya yi tari, lagireto ya saki abin da unguwa ta zuba masa, tururi ya rufe gilashi. Tsohuwa ta fita ta ƙofar baya abinta, ko nonon bai zube ba. Ni na fito ta taga. Baffa ya fito zuwa ƙugu, hular kwano a gaba, daga nan babbar riga ta kama fure.

Shanun huɗa ne suka ja mu, da Baffa a rataye a taga yana ba mai shanun umarni. Sun ja mu har cikin gari, ta gaban makarantar boko ana tashi tara. Na zauna a sitiyari, domin ko ana jan mota sai da direba, na kuma lura cewa kejin bai ko motsa ba, abin da ke nuna shirin ya yi kyau.

Da dare Baffa ya aiko a kira ni. Na tarar da shi kan tabarma yana jera kuɗi. Ashe duk wanda ya sa buhu ya biya. Ya ware na mai shanu, ya ware na ɗinkin riga, ya cire kamasho, ya miƙo min abin da ya rage, wanda ba zai sayi litar fetur biyu ba.

"Gobe da asuba ka tada ta," ya ce. "Na riga na amshi kuɗin mutum huɗu."