Yadda Za Ka Yi Aikin Gida Ba Tare Da Ka Ɗora Wa Akuya Laifi Ba

Babu dabbar da ta sha ƙazafi a bakin 'yan makaranta kamar akuya. Da zarar malam ya ce a miƙo aikin gida ranar Litinin, sai ka ji wannan ya ce akuya ta cinye masa littafi, wancan ya ce tun Juma'a aka ɗauke wuta, waccan kuma ta rantse ƙaninta ne ya kifar da koko daidai kan shafin da ta yi aikin. Ƙannena maza da mata, ku matso kusa. Ga shawarwari shida daga yayanku, ku yi dariya in kun so, amma ku yi aiki da su.

Na ɗaya: ka yanka wa karatu lokacinsa. Ranarka a cike take: boko da safe, Islamiyya bayan la'asar, ga aiken cefane, ga ɗiban ruwa. Karatun da aka ce wa "sai anjima" ba ya ganin anjimar. Zaɓi sa'a guda tak, ko bayan sallar asuba ko tsakanin dawowa daga boko da la'asar, ka sanar da duk mutanen gida har da kaka. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma hasken rana ba ya jiran a kawo wuta.

Na biyu: ka kai wayarka ajiya wajen Umma. Duk wanda ya ce zai leƙa TikTok na minti biyu, kiran sallar isha'i ne zai dawo da shi hayyacinsa. Miƙa mata wayar ta ƙulle a bakin zani, babu ɓarawon da zai iya kwance wannan ƙullin, balle kai. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na karatu ba ɗaga kai, sannan hutun minti 5. Agogon girki ya yi amfani da shi, kai agogon bangon falo ya ishe ka. A hutun ka sha ruwa, ka miƙe ƙafa. Gidan kallon ƙwallo ba ya cikin hutun minti 5.

Na uku, kuma shi ne babba: rufe littafin. Da yawanku kuna zura wa shafi ido har sau biyar, kuna gyaɗa kai, kuna jin kun iya. Ido ne ya saba da shafin, ƙwaƙwalwa kuwa tana can tana tunanin ɗanwake. Dubi ƙaninka na makarantar allo. Ya rubuta, ya yi ta biyawa da ƙarfi, sannan ya durƙusa gaban malam ya kawo da ka, allon na hannun malam. Sai ya kawo daidai za a ce ya wanke a ƙara masa. Bayan nan ma ba a barin na baya ya kwanta, kullum ana tilawarsa. Haka za ka yi wa darasin kimiyya da na tarihi. Karanta shafi guda, kife littafin, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Wurin tuntuɓen nan shi ne karatunka na gobe.

Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma maimaici daga baya yana rage mata sauri. Don haka abin da aka koya maka yau, ka waiwaye shi yau da yamma, ka sake bayan kwana biyu, ka kuma bayan mako. In babu mai sauraronka, tara ƙannenka ka koyar da su. Idan autarku ta ce "Yaya, ban gane ba", ka koma littafi, gaskiya ta faɗa maka.

Na huɗu: kada ka kwafi aikin aboki. Malamai sun sha ganin littattafai goma da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, an ma taɓa samun mai saurin hannun da ya kwafe har sunan mai littafin. Amsarka ta kuskure ta fi maka amfani, don ita ce za ta nuna wa malam inda ciwon yake. Ke ma ƙanwata, ki ɗaga hannu ki ce, "Malam, a maimaita mini." Matambayi ba ya ɓata, kuma rabin ajin suna miki godiya a zuci.

Na biyar: dare na barci ne. Ana gobe jarrabawa sai ka ga yaro ya cika baki da goro, ya haɗa kofi mai kauri, ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, wai zai cinye karatun zango guda kafin asuba. Gari na wayewa, ƙafa ta yi fari fat, ido ya yi ja, kai kuwa fayau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitoci sun ce matashi yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka zuba mata da rana. Littafi a ƙarƙashin matashin kai kuwa wuya kawai yake sanƙarar wa mutum.

Na shida: ka yi gwaji da agogo. WAEC da NECO suna jiranka, kuma jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu a kan kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Nemi takardun tambayoyin shekarun baya tun kana aji biyar na sakandare, ka zauna duk Asabar ka amsa da agogo a gabanka, ba leƙe. Ka yi addu'a kafin ka fara, sannan ka ɗauki biro.

Iyayenmu, Allah ya ƙara girma, ku ma da naku kason. Idan yaro ya zauna karatu, a ɗage aiken gishiri da magi zuwa bayan sa'a guda, a rage ƙarar talabijin. Yarinyar da ta dawo daga makaranta ta tarar da wanke-wanke, shara da rainon ƙani ita kaɗai, a raba aikin da yayyenta maza, ita ma jarrabawar ɗaya za ta rubuta. Ko ba ku yi boko ba, ku ce, "Zo ka faɗa mini abin da aka koya maka yau." Yaron da ya san za a tambaye shi da dare, da kunne biyu yake sauraron malam da safe. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai albarka.