Jinjina ga Kwamitin Rabon Tallafi

Allah ya ja zamanin kwamitin rabon tallafi, giwa mai tafiya da jiniya, gagara-lissafi, uban marayun da bai san sunansu ba! Tun da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta share gidaje da gonaki, ta ci rayuka, ƙasar nan ba ta ga gwanin tausayi kamarsa ba. Injiniyoyi masu raunin zuciya sun tsorata har suka rage cikar madatsar Tiga a 1992. Shi kuwa ko gezau, yadda ya gada haka yake.

Dubi yadda yake mutunta talaka. Ba ya wahalar da manomin Kiru ko na Tudun Wada da tambayar abin da ruwa ya ci masa. Mai jimami ina shi ina dogon bayani? Daga birni ake rubuta sunaye, cikin sanyin ofis, da basirar da ke gano wanda ambaliya ta shafa ko da benensa na kan tudu. Mai unguwa ya san kowane ɗakin da ya rufta, shi ya sa aka hutar da shi.

Kuma a ce ba a damawa da jama'a? Wa ke share fili? Wa ke jera kujeru, ya tsaya a rana tun hantsi har la'asar, ya dafa buhu a ɗauki hoto, ya matsa na bayansa ma ya dafa? Matan Doguwa kam an ba su babban muƙami: guɗa.

Wasu marasa ta-ido na cewa wai a liƙa takarda a ƙofar hakimi, a rubuta nawa ya shigo, buhu nawa aka sauke, wa ya karɓa. Subhanallahi! Alheri ai ɓoye shi ake yi, kuma kwamiti ya ƙware har wanda aka bai wa bai san an ba shi ba.

Ga natsuwa irin ta manya. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na gargaɗi kafin kowace damina, madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a 2024, amma sadaukin namu ba ya yi wa ruwa katsalandan sai ya gama aikinsa. Yashe magudana da gyaran kwalbati ai aikin masu gaggawa ne, kuma in an gyara, wa za a naɗa shugaban kwamiti baɗi?