Yadda Ake Rarrashin Jariri a Sanyin Jos

Da farko ka sani, a Jos duk kukan da jariri ya yi sunansa sanyi. Yunwa yake ji, sanyi ne. Ya ɓata ƙunzugu, sanyi ne. Kada ka ja da Hajiya kakarsa, domin garin na zaune ne a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, kuma a Disamba da Janairu ta fi ka gaskiya. Ka nufi kasuwar Katako ka tsinto masa hula da safa da rigunan sanyi a gwanjo. Kana dawowa za a jibga masa su gaba ɗaya, a naɗe shi da zani, a ɗora bargo, sai ka yi lalube kafin ka gano inda fuskar take. Sa hannu a ƙeyarsa. In ka ji gumi, zare riga ɗaya a ɓoye sa'ad da Hajiya ta fita alwala.

Kaskon gawayi kuwa ba abin wasa ba ne. Kada a kwana da shi a ɗaki rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Ke kuma maijego, fara da nono kafin ki zargi mayu. Jariri kan nemi mama sau 8 zuwa 12 a kwana guda, bai san dare ba, bai san kin sha wankan ruwan zafi kin gaji ba. In ya ƙoshi, ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa. In ya ƙi shiru, kwantar da shi a ƙirjinki, fata da fata, ki lulluɓe ku biyu.

Maigida, minsharin ƙaryar nan na ƙarfe biyun dare an gane shi. Alkunyar ɗan fari ma da rana ake yi, a gaban surukai. Tashi ka karɓe shi, ka yi ta zarya daga ƙofa zuwa taga kana gunguni a hankali. Ba ya duba daɗin murya. In ka ji ranka ya soma ɓaci, kada ka kuskura ka jijjiga shi da ƙarfi, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka. Kwantar da shi rigingine, ka fita tsakar gida da singileti. Minti biyu sanyin Filato zai kora ka ciki da sabon haƙuri.

'Yan barka sun fi jaririn wuyar lallashi. Wannan ta zo da zuma, waccan da jiƙo, ta uku ta rantse kambun baka ne. Amsa ɗaya ce: "To, Inna, Allah ya saka da alheri." Sai a ajiye a bayan kwano. Ba a ba shi zuma sai ya shekara, kuma nono zalla ya ishe shi har wata 6. Amma in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama mama, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko numfashinsa ya yi sauri, a tari keke zuwa asibiti, ko na unguwa ko JUTH da ke Lamingo.

Kukan yakan kai ƙololuwa a wajen mako 6, ya lafa a wata 3 zuwa 4. Lissafa ka gani: mako 6 ɗin kusan arba'in ke nan, ranar da Hajiya ke ɗaure kayanta za ta koma gida. Saboda haka in ta tambayi kuɗin mota, ce mata albashi bai shigo ba tukuna.