Yadda Za Ka Sabunta Kwamfuta a Garin da Sabis Yake Zuwa Baƙunta

Kafin komai, ɗan'uwa, ka san da wa kake hulɗa. Mutanen Microsoft suna sakin gyaran Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da suka kafa tun 2003, kuma a agogonmu abin yakan faɗo wajen magariba. A tunaninsu duk mai kwamfuta yana da wutar da ba ta ƙiftawa da intanet da ba a aunawa. Ba su taɓa kwana a ƙauyukan Makoda ko Kunchi ba, don haka kada ka riƙe su a zuci.

Aikin farko neman sabis ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gona na bin gona daga Bichi har Tsanyawa, babu dutsen da za ka hau. Abin da Allah ya hore mana shi ne juji, da saman katanga, da reshen ɗorawa. Ka tambayi samarin unguwa, domin sun san inda sanda uku take fitowa fiye da yadda suka san iyakar gonar mahaifinsu. In sun nuna maka, kada ka ɗauki kwamfuta ka hau bishiya, kai magidanci ne. Kunna hotsfot a waya, saka ta a leda, ɗaure a kan gora, a kafa. Kai kuma ka shimfiɗa tabarma a gindi, don hotsfot ba ya tafiya nesa. Yaron da zai riƙe gorar a ba shi ƙuli-ƙuli tun da wuri, a kuma gargaɗe shi kada ya yi soshe-soshe. Idan harafin E ya bayyana a saman wayar, naɗe tabarmarka ka tafi gona, yau ba ranarka ba ce.

Ka guji ranar kasuwa. Duk wanda ya je Dambatta ran cin kasuwa ya san yadda dillalan shanu da masu POS suke rataya a ƙarfen sabis guda. Lokacinka shi ne tsakar dare, sa'ad da masu kallon TikTok suka gaji, ga kuma datar dare mai rahusa. Maƙwabta za su hango haske a gindin ɗorawa ƙarfe biyun dare, gobe a ce an ga aljani. Kada ka musa. Muddin ana tsoron wurin, babu mai zuwa ya roƙe ka lambar sirrin hotsfot.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ba ta da raha sosai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, gigabayit ya zama abin da ake lissafawa tare da kuɗin taki. Ita kuwa kwamfuta, da zarar ta ji Wi-Fi sai ta ɗauka gidan biki ta shigo, ta hau zuba loma ba bisimilla. Shiga saitin Wi-Fi ɗin, akwai maɓallin da ke shaida mata cewa wannan layi na awo ne. Danna shi, za ta kama bakinta, sai dai gyaran da ta ga ya zama dole. Kana kuma iya dakatar da sabuntawar har kwana 35, wanda ya isa ka sayar da buhun gyaɗa.

Wani daɗin ma, gyaran kowane wata yana ɗauke da na watannin baya a cikinsa. Wanda ya yi wata shida bai leƙa ba, na ƙarshen kawai zai sauke. Wannan ne kaɗai bashin da na sani wanda jinkiri ba ya ninka shi, ko da yake ƙunshin kan kai ɗaruruwan megabayit, wani sa'in ya haura gigabayit.

Sai wuta. In allo ya yi shuɗi ya ce kada a kashe, to daidai nan mai janareton shagon caji zai tuna mansa ya ƙare. Cika batir fal kafin ka fara. In batirin na kwamfutar gwanjo ne, irin mai mutuwa da an zare waya, nemi mai sola ka ƙulla zumunci da shi, ko da za ka je sunan ɗansa da turmin atamfa.

Wani zai ce, to a bar sabuntawar mana, wa ya san da mu? A Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila, alhali maganinta ya fito tun Maris, ba a dai saka ba. Kai ba asibiti gare ka ba, amma a kwamfutar nan sakamakon jarrabawar ɗalibanka yake, da lissafin ƙungiyar manoma.

Hanyar manya kuwa ita ce ta filash. Rubuta winver a wurin bincike, ka kwafe lambar Windows ɗinka a takarda, kada ka dogara da ka. Duk mai shiga birni, ko kai hatsi Dawanau ne zai yi ya zarce kasuwar waya ta Farm Centre, a ba shi takardar da filash, a sauko masa da gyaran daga shafin Microsoft Update Catalog. Sauka ɗaya ta wadaci malamin firamare da mai shagon buga takardu da ma'aikacin ɗakin shan magani, in dai Windows ɗinsu iri guda ce. A dai bincike filash ɗin kafin a buɗe, don wanda ya zaga shaguna uku a birni yakan dawo da tsarabar da ba a aike shi ba.

In kuwa winver ta ce maka Windows 10 ce, sauke gorar, ka sallami yaron. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta gyaran yau da kullum, kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa Windows 11 ba ta karɓarsu. Ƙuli-ƙulin da ka riga ka bayar kuma ba ya dawowa.